Harajin ɗan kasuwa mazaunin kudu: Jihar da kake kwana ce ke da shi, ba jiharku ta asali ba

Ni haifaffen Bulabulin ne a Maiduguri. Can iyayena suke, can na gina ɗan gidana, amma sana'ar wake ta zaunar da ni a Mile 12 shekara da shekaru. Wata shekara da na je hutun sallah sai na biya harajina a gida, ina ganin ai ni ɗan Borno ne. Da na dawo Legas na tashi neman takardar shaidar biyan haraji, sai aka nuna min cewa rasit ɗin da na riƙo bai sauke min nauyin nan ba. Kuskuren nawa ne, kuma na san da yawa daga cikinmu a Agege, Alaba Rago, Sabon Ibadan da Fatakwal haka suke ɗauka.

Ƙa'idar ita ce: mai sana'ar kansa, wanda ba albashi yake karɓa ba, harajin kuɗin shigarsa na jihar da yake zaune ne. Ba ruwan doka da inda aka yanke maka cibiya. In kana da gida biyu, ɗaya a Maiduguri ɗaya a Legas, wanda ya fi kusa da inda kake sana'arka kullum shi ake ɗauka mazauninka. Saboda haka mu na Legas hukumar LIRS da ke Alausa ce tamu, na Ibadan kuma hukumar harajin Oyo. Ko haya ka zuba a gidanka na Bulabulin, kuɗin hayar cikin lissafinka na nan za su shiga. Abin da ya shafi filin kansa, kamar kuɗin ƙasa na shekara, wannan kam na Borno ne.

To yaushe ake yi? Kowace shekara kafin ƙarshen 31 ga Maris za ka bayyana abin da ka samu a shekarar da ta wuce, daga Janairu zuwa Disamba. A Legas ta intanet ake cikewa, a shafin e-Tax na LIRS, bayan an ba ka lambar mai biyan haraji. Wanda bai iya ba ya je ofishinsu mafi kusa da lambar NIN ɗinsa. Ni dai shawarata kar ka miƙa wa wani ɗan tsakiya tsabar kuɗi a hannu. Biya ta banki, ka riƙe rasit mai sunanka.

Nan ne wurin da aka fi ruɗewa. Tikitin da kake yanka kullum a kasuwa, kuɗin ƙungiya, kuɗin shara, kuɗin sauke kaya daga tirela, duk ba su ne harajin kuɗin shiga ba. Ka tara su buhu guda, ba za su fitar maka da takardar shaida ba. Ita kuwa wannan takarda shekara uku na baya take dubawa, kuma ranar da ka tashi neman kwangilar gwamnati ko takardun fili, ita za a fara tambaya.

Sannan a kan riba ake yanka harajin, ba a kan jari ko cinikin da ya ratsa ta asusunka ba. Dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, ta yafe Naira 800,000 na farko. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Mai zaman haya kuma ana rage masa kashi 20 na kuɗin hayarsa na shekara, amma ragin ba ya wuce Naira 500,000.

A misali, ka ci ribar miliyan 3, hayar ɗakinka 600,000. A cire 120,000, saura 2,880,000. A cire 800,000 da aka yafe, saura 2,080,000. Kashi 15 na wannan shi ne Naira 312,000. Wanda ribarsa ba ta kai 800,000 ba babu abin da zai biya, amma fa cike takardar bai faɗi a kansa ba. Tarar rashin cikewa Naira 100,000 ce a watan farko, sai 50,000 duk wata bayan nan.

Matsalarmu ta gaskiya rubutu ce. Muna sayen kaya da baki, mu ba da bashi da baki, kuɗin mota da na lebura duk a ka. In ba ka da littafi, jami'i ƙiyasi zai yi maka gwargwadon abin da ya gani, kuma ba ka da hujjar musu. Ambaliyar Alau ta watan Satumbar 2024 ta lalata takardun mutane da dama a Maiduguri, shi ya sa yanzu duk rasit ɗin da na karɓa sai na ɗauki hotonsa a waya, na kuma tura wa ƙanina kwafi.

Masu shirin tattarawa su koma gida gabaki ɗaya, ku sanar da hukumar jihar da za ku bari a rubuce, ku karɓi takardar shaidarku ta ƙarshe, sannan ku yi rajista da hukumar harajin Borno da lambar da kuke da ita tun farko.