Lev Landau: Hanyar Nazarinsa da Makarantar da Ya Kafa

A cikin masana fiziks na Tarayyar Sobiyet, kaɗan ne sunansu ya bazu cikin littattafan jami'a kamar na Lev Davidovich Landau. Shi masanin nazari ne, wato alƙalami da lissafi ne kayan aikinsa, gwaje-gwaje kuma na wasu ne. Wannan nazari zai nuna cewa ayyukansa, duk da yawan fannonin da suka taɓa, hanya guda suka bi, kuma wannan hanyar ce ya mayar da ita makaranta.

Tasowarsa

An haife shi a Baku ranar 22 ga Janairu 1908. Mahaifinsa injiniya ne a harkar man fetur, mahaifiyarsa kuma likita. Yana ɗan shekara 14 ya shiga Jami'ar Baku, ya koma Leningrad a 1924, ya kammala a 1927. Tsakanin 1929 da 1931 ya zaga cibiyoyin bincike na Turai, kuma zamansa a Kopenhagen wajen Niels Bohr ne ya fi yi masa tasiri, har ƙarshen rayuwarsa yana ɗaukar Bohr a matsayin malaminsa. Daga 1932 ya shugabanci sashen nazari a cibiyar fiziks ta Kharkov da ke Yukiren, sannan a 1937 ya koma Mosko, cibiyar da Pyotr Kapitsa yake jagoranta.

Hanyar nazarinsa

Matsalar da ta fi ɗaukar hankalin Landau ita ce: ɗigon ruwa ko guntun ƙarfe yana ɗauke da ƙwayoyin zarra da ba su ƙidayuwa, kowace tana tura maƙwabciyarta tana kuma janta. Babu mai iya bin sawun kowace ƙwaya da lissafi. Sai Landau ya bar tambayar abin da kowace ƙwaya take yi, ya koma neman 'yan adadi kaɗan da suka isa su bayyana halin taron gaba ɗaya.

Misali na farko shi ne aikinsa na 1937 a kan yadda abu ke rikiɗa daga wani hali zuwa wani. Ƙarfe yana riƙe ƙarfin maganaɗisu, amma in aka zafafa shi ya wuce digiri 770 a ma'aunin Salshiyas sai ƙarfin ya ɓace, alhali ƙarfen bai narke ba. Landau ya ce abin da ya canza shi ne tsarin ciki: ƙasa da wannan zafi ƙwayoyin sun fuskanci gefe ɗaya, sama da shi kowace ta kama gabanta. Ya kawo adadi guda, ma'aunin tsari, wanda yake sifiri a yanayin hargitsi, yake kuma ƙaruwa a hankali idan tsari ya fara kankama. Da wannan adadi kaɗai ya fitar da yadda abin zai kasance a kusa da wurin rikiɗar, ba tare da sanin dalla-dallar ƙwayoyin ba.

Misali na biyu ya fi shahara. A ƙarshen 1937 Kapitsa ya gano cewa ruwan heliyom, idan sanyinsa ya kai kusan digiri 271 ƙasa da sifiri, yana ratsa siririyar kafa ba tare da wata tirjiya ba. A 1941 Landau ya bayyana dalili. Ya ce a bar duban ƙwayoyin heliyom ɗaya bayan ɗaya, a dubi motsin da ke ratsa ruwan. Idan iska ta bi ta gonar gero, ana ganin igiya tana tafiya daga wannan gefe zuwa wancan, alhali babu karan da ya bar wurinsa. Haka irin wannan motsi yake, kuma ana iya lissafa shi kamar ƙwaya mai nata ƙarfi da nata gudu. Tirjiya tana faruwa ne idan ruwa mai kwarara ya zubar da wani ƙarfinsa ta hanyar haifar da irin wannan motsi. Landau ya nuna cewa muddin gudun ruwan bai kai wani mizani ba, ba zai iya haifar da shi ba, don haka ba shi da hanyar yin asarar ƙarfi.

Wannan dabara ce ya sake amfani da ita a 1950 tare da Vitaly Ginzburg, a kan ƙarafan da lantarki ke wucewa ta cikinsu ba tirjiya idan sun yi tsananin sanyi, da kuma a 1956 a nazarinsa na ruwan Fermi, wanda ya bayyana dalilin da ya sa ilektaron da ke cikin ƙarfe suke nuna hali kamar ba su damu da juna ba.

Kurkuku da aikin bam

Yawancin wannan ya gudana ne a zamanin da Stalin yake kame da kashe masana. A 1937 aka harbe Lev Shubnikov, abokin aikinsa na Kharkov. A Afrilun 1938 aka kama Landau kansa saboda wata takarda da ta kwatanta mulkin Stalin da na Hitler. Ya yi shekara guda a tsare. Kapitsa ya rubuta wa shugabannin gwamnati, Stalin da Molotov, ya nuna cewa yana bukatarsa don warware sirrin heliyom, ya kuma tsaya masa. Aka sake shi a Afrilun 1939. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya jagoranci wani ɓangare na lissafin makaman nukiliyar Sobiyet, aikin da ya jawo masa lambobin yabo ya kuma zame masa garkuwa. Da Stalin ya mutu a 1953, bai daɗe ba ya janye jikinsa daga ciki.

Makarantarsa

Tun a Kharkov ya ƙirƙiro jerin jarrabawa da ya kira mafi ƙarancin abin da masanin nazari zai sani, daga lissafi har zuwa dukkan manyan rassan fiziks. Ƙofa a buɗe take ga kowa, amma daga 1934 zuwa 1961 mutum 43 kacal suka ci. Waɗanda suka ci sukan shiga taron ƙara wa juna sani da yake gudanarwa duk ranar Alhamis, inda ake katse mai jawabi a tsakiyar magana in hujjarsa ta yi rauni. Tare da ɗalibinsa Evgeny Lifshitz ya shirya littafin fiziks na nazari mai juzu'i 10, wanda Lev Pitaevskii ya taimaka wajen kammalawa, kuma har yau ana karantar da shi a jami'o'in duniya.

Tsananin nan yana da tasa illa. Ɗalibinsa Alexei Abrikosov ya gano tun 1953 cewa ƙarfin maganaɗisu yana iya kutsawa cikin wasu daga ƙarafan nan da lantarki ke wucewa ta cikinsu ba tirjiya, a jere cikin siraran layuka. Landau bai yarda ba, aikin ya kwanta sai 1957 aka buga shi. Irin waɗannan ƙarafa ne ake naɗa maganaɗisun na'urar MRI ta asibiti da su, kuma a 2003 Abrikosov da Ginzburg suka samu kyautar Nobel. Makarantar da ake tace kowane tunani ta hannun mutum ɗaya tana rage kuskure, amma tana iya jinkirta gaskiya a ranar da malamin ya yi kuskure.

Kammalawa

Ranar 7 ga Janairu 1962 motar da yake ciki ta yi karo da babbar mota a hanyar Dubna. Ya tsira da rai, amma bai sake komawa bincike ba. A shekarar aka ba shi kyautar Nobel saboda ayyukansa a kan daskararrun abubuwa da ruwa, musamman heliyom, aka miƙa masa ita a asibiti a Mosko. Ya rasu ranar 1 ga Afrilu 1968.

Ɗalibansa, ƙarƙashin Isaak Khalatnikov, sun kafa cibiyar nazari mai sunansa a Chernogolovka don aikin ya ci gaba ba tare da shi ba. Daga baya bincike ya nuna cewa lissafinsa na 1937 yana kaucewa kaɗan daf da wurin rikiɗa, gyaran da ya kai Kenneth Wilson ga kyautar Nobel a 1982. Amma shi ma gyaran a kan ma'aunin tsari aka gina shi, wanda ke nuna cewa hanyar Landau ta fi kowane sakamako guda da ya fitar da ita ɗorewa.