Bindigogin da suka fito a fim ɗin The Terminator

Fim ɗin The Terminator, wanda aka fara nunawa a gidajen silima na Amurka ranar 26 ga watan Oktoban 1984, yana daga cikin finafinan ƙagaggen labarin kimiyya da suka fi yin suna a duniya.

James Cameron ne ya ba da umarni, an kashe kimanin dala miliyan 6.4 wajen shirya shi, ya kuma samar da kusan dala miliyan 78. Tauraronsa shi ne Arnold Schwarzenegger, wanda masu kallo da dama a ƙasar Hausa suka fi sani da Kwamando, saboda wani fim mai wannan suna da ya fito a 1985.

Labarin ya samo tushe ne daga wani yaƙi tsakanin 'yan Adam da na'urori a shekara ta 2029. Sai dai bindigogin da aka gani a hannun 'yan wasan a titunan birnin Los Angeles na gaske ne, kuma kowace tana da suna da tarihi. Akasarinsu ma ana sayar da irinsu a kantunan jihar Kalifoniya a wancan lokaci.

Dalilin amfani da makaman 1984

A cikin labarin, na'urorin sun turo wani mutum-mutumi mai fatar ɗan Adam zuwa shekara ta 1984 domin ya kashe Sarah Connor, matar da za ta haifi jagoran 'yan gwagwarmaya. Su kuma 'yan Adam suka turo wani soja mai suna Kyle Reese ya kare ta.

Na'urar da ta kawo su ba ta ɗaukar komai sai abin da ke lulluɓe da tsoka mai rai. Saboda haka dukansu biyun tsirara suka iso, babu ko allura a hannunsu, dole kowa ya nemi makami a inda ya sauka.

Wannan ne ya kai mutum-mutumin wani kantin sayar da bindigogi, inda yake kiran sunayen makaman da yake so ɗaya bayan ɗaya, mai kanti yana miƙo masa. Guda ɗaya ce kawai aka rasa, wato wata bindiga mai harba wuta irin ta zamaninsa, wadda ba a ƙirƙiro ba tukuna. Mai kantin ya shaida masa cewa abin da ya gani a gabansa shi ne kaɗai ake da shi.

AMT Hardballer

Ƙaramar bindigar da Schwarzenegger ya riƙe a hoton tallan fim ɗin ita ce AMT Hardballer, samfurin Longslide, ta kamfanin Arcadia Machine and Tool da ke Kalifoniya.

An kwaikwayo ta ne daga M1911, bindigar da John Browning ya zana, wadda sojojin Amurka suka riƙe tun daga 1911 har zuwa 1985. Tana cin harsasai bakwai masu kaurin inci 0.45.

Abubuwa biyu ne ke saurin tona ta. Na farko farin jikinta, domin da ƙarfen da ba ya tsatsa aka ƙera ta, alhali M1911 ta soja baƙa ce. Na biyu kuma tsawon bututunta, inci bakwai maimakon inci biyar da aka saba.

A samanta akwai wani dogon bututu mai fitar da jan hasken leza domin saiti. Da shi ne aka ɗora jan ɗigo a goshin Sarah Connor a gidan rawa na Tech Noir, kafin Reese ya kawo mata ɗauki.

Kamfanin Laser Products, wanda daga baya ya koma SureFire, shi ne ya haɗa na'urar musamman saboda fim ɗin. A lokacin fasahar ba ta yi nisa ba, kuma na'urar tana buƙatar wutar lantarki mai ƙarfi kafin ta kama. Don haka aka ɓoye batirin a cikin rigar ɗan wasan, aka zura waya ta hannun rigar zuwa jikin bindigar. A yau irin wannan na'ura ba ta kai girman ɗan yatsa ba, kuma batirinta a jikinta yake.

SPAS-12

Babbar bindigar da mutum-mutumin ya ɗura wa harsashi a kan teburin kantin, ya kuma harbe mai kantin da ita, ita ce SPAS-12 ta kamfanin Luigi Franchi na ƙasar Italiya. An ƙera ta daga 1979 zuwa 2000.

Tana cikin jinsin bindigogin da ke watsa ƙwayoyin dalma da yawa a harbi ɗaya, irin waɗanda mafarauta ke harbin tsuntsaye da su, sai dai ita an yi ta ne domin sojoji da 'yan sanda. Nauyinta ya haura kilo huɗu, kuma bututun da ke ƙarƙashin bakinta yana ɗaukar harsasai har takwas.

Abin da ya bambanta ta da takwarorinta shi ne tana aiki ta hanya biyu. Tana iya ɗura wa kanta sabon harsashi bayan kowane harbi, ta amfani da ƙarfin hayaƙin albarushi. Idan kuma harsashin mai rauni ne, kamar na roba ko na hayaƙi mai sa hawaye, sai mai harbi ya riƙa jan mariƙin gaba da hannu.

Ana gane ta da kaurin mariƙin nan mai tsage-tsage, da kuma murfin ƙarfe mai ramuka da ke saman bututun. Wannan kwarjini ya sa masu shirya finafinai suka ci gaba da neman ta, inda ta sake fitowa a Jurassic Park a 1993 da The Matrix a 1999.

Uzi

A gidan rawa na Tech Noir, bayan Reese ya kayar da shi, mutum-mutumin ya miƙe ya zaro Uzi ya buɗe wa jama'a wuta.

Wani hafsan sojan Isra'ila, Uziel Gal, shi ne ya zana wannan bindiga, kuma rundunar ƙasar ta fara amfani da ita a 1954. Tana cin harsashi mai kaurin milimita tara, tana kuma iya fitar da kimanin 600 a minti guda. Ke nan gidan harsashi mai cin 32 ba ya wuce daƙiƙa uku zuwa huɗu idan aka danne kunama ba a saki ba.

Alamarta a fili take: gidan harsashin ta cikin mariƙin hannu yake shiga, kamar na ƙaramar bindiga, abin da ya sa ta zama gajera mai sauƙin ɓoyewa. Amurkawa da dama sun fara ganinta ne a watan Maris na 1981, lokacin da wani jami'in tsaro ya fito da ita bayan an harbi shugaba Ronald Reagan a birnin Washington.

A nan ne fim ɗin ya kauce wa gaskiya. Uzi ɗin da ake sayar wa farar hula a Amurka a lokacin tana da dogon bututu na inci 16, kuma harsashi ɗaya take fitarwa a duk lokacin da aka ja kunama. Mai ɓarin wuta irin wadda aka nuna tana ƙarƙashin wata dokar tarayya ta 1934, wadda ta wajabta rajista da haraji da amincewar hukuma kafin a mallake ta.

AR-18

A harin da ya kai ofishin 'yan sanda, mutum-mutumin ya riƙe SPAS-12 a hannu ɗaya, a ɗayan kuma wata baƙar bindiga da aka ɗaure mata gidajen harsashi biyu wuri guda. Kashi na biyu na fim ɗin, wanda ya fito a 1991, ya ce 'yan sanda 17 ne suka mutu a daren.

Masu kallo da yawa suna ɗaukar ta a matsayin M16 ta sojojin Amurka, amma AR-18 ce. Kamfanin ArmaLite ne ya fito da su duka biyun, kuma harsashinsu ɗaya ne, mai kaurin milimita 5.56. Bambancin shi ne M16 tana da wani mariƙi a samanta kamar na akwati, ita kuwa AR-18 ba ta da shi, kuma jikinta mai kusurwa ne domin da fallen ƙarfe aka lanƙwasa shi. Ana iya kwatanta su a wannan fage, domin wasu daga cikin 'yan sandan da M16 suka mayar da martani.

An zana AR-18 a 1963 da nufin ƙasashen da masana'antunsu ba su yi ƙarfi ba su iya ƙera ta da araha. An yi ta a Kalifoniya, da kamfanin Howa na Japan, da kuma kamfanin Sterling na Ingila. Babu wata babbar runduna da ta rungume ta, sai dai ta yi ƙaurin suna a hannun mayaƙan IRA a rikicin Ireland ta Arewa. Tsarin cikinta kuma ya yi tasiri a kan SA80 ta Birtaniya da G36 ta Jamus.

Makaman Kyle Reese

Shi Reese a cikin wata motar 'yan sanda ya saci tasa bindigar, Ithaca 37. Ya yanke gindinta da zarto, ya ɗaura mata igiya, ya rataye ta a ƙarƙashin doguwar rigarsa.

Ita ma mai watsa ƙwayoyin dalma ce, an fara ƙera ta a jihar New York a 1937, kuma 'yan sandan Los Angeles sun daɗe suna amfani da ita. Hanyar gane ta ita ce ba ta da ƙofa a gefe: ta ƙasa ake ɗura harsashi, ta ƙasa kuma kwanson ke faɗowa.

Hatta bindigar da aka nuna Reese yana yaƙi da ita a shekara ta 2029 ba ƙirar masu fim ba ce. Valmet M82 ce ta ƙasar Finland, wadda ba a ƙera da yawa ba, kuma asalin tsarinta daga AK-47 yake. Gidan harsashinta a bayan kunama yake, kusa da kafaɗa, siffar da ba a saba gani ba a 1984, shi ya sa ta dace da makamin zamani mai zuwa.

Duk da yawan makaman nan, babu bindigar da ta iya hallaka mutum-mutumin. Ithaca tana kayar da shi ya tashi, gobarar tankar mai ta ƙone fatarsa kawai, bam ya raba shi biyu, daga ƙarshe Sarah Connor ta murƙushe shi a cikin injin matse ƙarfe na wata masana'anta.

Yadda ake harbi a fim

Harsashin da ake amfani da shi wajen ɗaukar fim yana da kwanso da albarushi amma ba shi da dalma, saboda haka ƙara da walƙiya kawai yake bayarwa. Bindigogi masu sarrafa kansu sai an tsuke bututunsu daga ciki kafin su yi aiki da shi. A wuraren gudu da faɗuwa kuma akan musanya su da na roba.

Amma hakan bai kawar da haɗari ba. A watan Oktoban 1984, watan da The Terminator ya fito, ɗan wasan talabijin Jon-Erik Hexum ya mutu bayan ya ɗora bindiga mai irin wannan harsashi a kansa ya ja kunama da wasa.

A watan Maris na 1993 Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, ya rasa ransa a wurin ɗaukar fim ɗin The Crow, sakamakon wata dalma da ta maƙale a bututun bindiga ba a lura ba. A watan Oktoban 2021 kuma harsashin gaske ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins a wurin shirya fim ɗin Rust, kuma a 2024 kotu ta yanke wa mai kula da makaman fim ɗin ɗaurin watanni 18.

Abin da doka ta ce daga baya

Fagen kantin ya nuna yadda dokar Kalifoniya take a 1984. Mai kantin ya ce ƙananan bindigogi sai an jira kwana 15, amma manyan ana iya tafiya da su nan take.

Watanni uku kafin fitowar fim ɗin, a watan Yulin 1984, wani mutum ya kashe mutane 21 a wani gidan cin abinci a San Ysidro da ke jihar, kuma Uzi na cikin makaman da ya yi amfani da su. A watan Janairun 1989 wani kuma ya harbe yara biyar a wata makarantar firamare a garin Stockton da bindiga samfurin Kalashnikov.

A wannan shekara ta 1989 majalisar jihar ta kafa dokar da ta haramta sayar da bindigogi fiye da 50, inda ta ambaci kowace da sunanta. A cikin jerin akwai Uzi, da SPAS-12, da AR-180, wato samfurin AR-18 na farar hula. Ke nan shekaru biyar bayan fim ɗin, uku daga cikin makaman mutum-mutumin sun bar kantunan jihar.

Gwamnatin tarayya ta kafa makamanciyar dokar a 1994, amma wa'adinta ya ƙare a 2004 ba a sabunta ta ba. Ta Kalifoniya tana nan daram, kuma a yanzu duk mai sayen bindiga a jihar, babba ko ƙarama, sai ya jira kwana 10 kafin a miƙa masa.