Daga Lugu Zuwa Maijirgi: Wa Mamani Yake Zagi?

Duk wanda ya bi hanyar Tasawa zuwa Damagaram ya ratsa Maijirgi. Can aka binne kaftin biyu na Faransa, Voulet da Chanoine, waɗanda sojojinsu na haya suka harbe a watan Yulin 1899. Kwana biyu zuwa uku kafin nan, Voulet ya sa aka kashe Kanar Klobb a Dankori, mutumin da Faransa ta turo ya tsayar da shi bayan labarin kisan gillar da ya yi a garuruwa. Sai ya tara dakarunsa ya shaida musu wai shi ya bar zama Bafaranshe, ya zama sarkin baƙar fata, zai kafa daular kansa.

Wannan mutumin Abdoulaye Mamani ya ɗauko cikin littafinsa Sarraounia na 1980. A lakwal an koya mana labarin jarumar Lugu ne kawai. Ni ban yarda ba. Mamani ɗan Sawaba ne. Ya yi gudun hijira zamanin Diori, ya dawo, mulkin Kountché ya ɗaure shi. To mai irin wannan tarihi ya zauna yana rubuta sojan da bindiga ta hau masa kai, da sarakunan da suka miƙa wuya don a bar musu rawani, ka ce mutanen 1899 kaɗai yake nufi? Habaici ne, irin na kishiya mai zagin kaza tana daka. Da Med Hondo ya tashi mai da littafin fim, ba a ɗauke shi a Nijar ba, sai Burkina ta Sankara, ya fito a 1986.

Ga kuma farfaganda. Faransa ta ce zafin ranar Sudan ne ya taɓa ƙwaƙwalwar hafsoshin nata, har ciwon ya samu suna, soudanite. Kalma ɗaya ta kwashe laifin gwamnati ta ɗora wa rana! Amma fa ƙasar da mahaukatan suka ci ba a mayar wa masu ita ba.

Mamani ma ya yi nasa gyaran. Sarauniya muƙami ne, ba sunan yanka ba, kuma takardun Turawa ba su yi dogon zance a kanta ba. Shi ya faɗaɗa ta har ta zama uwar ƙasa duka, kuma yau kowane mai mulki yana iya aron sunanta ya yi ado.