Amanar Ilmi Daga Ijaza Zuwa Ƙirƙirarriyar Basira

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu waiwayi hanyoyin da malamai suka bi don tabbatar da cewa ilmin da ɗalibi ya nuna nasa ne, domin mu ga inda na'urorin ƙirƙirarriyar basira suka tarar da mu.

A makarantun zaure na ƙasar Hausa, almajiri kan karanta littafi gaban malami, ana yi masa gyara, sai malamin ya gamsu kana ya ba shi ijaza. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo har littafi ya rubuta, watau Ida'un Nusukh, ya jera malaman da ya ɗauki karatu wurinsu. Turawa ma da baka suke jarraba ɗalibai kafin yawa ya rinjaye su. Alal misali, sai a 1845 makarantun birnin Boston na Amurka suka koma jarrabawar rubutu. Wannan tsari muka gada ta hanyar boko, takarda ta zama mai ba da shaida a madadin malami.

Da intanet ta sauƙaƙa kwafe aikin wani, aka kafa kamfanin Turnitin a 1998 don gwada rubutun ɗalibi da na wasu. Dabarar ta ci, saboda abin sata yana da mai shi. Amma ChatGPT, wanda kamfanin OpenAI ya fitar ranar 30 ga Nuwamba, 2022, kintatar kalma yake yi bayan kalma daga ɗimbin rubutun da aka horar da shi, ya samar da sabon zance marar asalin da za a bi sawu. Makarantun birnin New York suka hana shi a Janairun 2023, suka janye hanin a Mayu. Shi kansa OpenAI ya fitar da manhajar gano rubutun na'ura a Janairu, ya janye ta a Yuli saboda yawan kuskure. Har ila yau, wani bincike na Jami'ar Stanford a wannan shekara ya nuna irin waɗannan manhajoji sun fi tuhumar waɗanda Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne, kamar ɗalibanmu.

Mu da ke kwalejojin ilmi abin ya fi shafa, domin wanda na'ura ta rubuta wa kundi, gobe shi za a danƙa wa aji. Bisa ga haka muke ganin kowane ɗalibi ya riƙa kare aikinsa da baka, ya nuna daftarinsa mataki-mataki. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai hukuma ta ƙara malamai, ta rage cunkoson azuzuwa.