Yadda ake gano gungun taurarin da ƙura ta ɓoye

Duniyarmu tana cikin wani gungun taurari mai suna Milky Way, wanda ke cike da ƙura. Kamar yadda hazon hunturu ke hana mazaunin Barnawa hango tsallaken Kogin Kaduna, haka wannan ƙura ke tare hasken wasu gungu da ke bayanta, har ta rufe kusan kashi 20 cikin 100 na sararin samaniya.

Masana sukan haɗa hanyoyi biyu domin ganinsu. Hasken infirared, wanda ido ba ya gani, yana ratsa ƙurar ya bayyana taurarin gungun. Da shi Paolo Maffei, ɗan Italiya, ya gano gungu biyu a 1967. Igiyar rediyo mai tsawon santimita 21 da iskar haidurojin ke fitarwa kuwa, ƙura ba ta tare ta, kuma da ita ake ƙiyasta nisan gungun. Kowace hanya tana da iyaka: infirared yakan rikice inda taurari suka cunkushe, rediyo kuma ba ya kama gungun da ba shi da iskar sosai.

A 2016, binciken da aka yi da na'urar Parkes ta Ostireliya ya lissafo gungu 883 a wannan yanki, kusan sulusinsu sababbi ne. Yanzu MeerKAT ta Afirka ta Kudu, mai faranti 64, wadda aka ƙaddamar a 2018, tana ci gaba da aikin. Ƙasashen Afirka takwas, ciki har da Ghana da Kenya, abokan Afirka ta Kudu ne a babban shirin SKA. Najeriya ba ta cikinsu, duk da cewa ta kafa hukumar NASRDA tun 1999.