Auna tasirin sauyi a kasuwanci ta kwamfuta: misalin E-Levy a Kumasi

Auna tasirin sauyi shi ne binciken da ɗan kasuwa ke yi don gane inda sabuwar doka ko sabon farashi zai taɓa aikinsa, tun daga sayen kaya har zuwa biyan kuɗi. A da, da littafi da biro ake yi. Yanzu manhaja na bin bayanan cinikin da aka adana, ta nuna matakin da sauyin zai shafa da nawa zai ci.

Harajin E-Levy na Gana misali ne. Ya fara aiki ranar 1 ga Mayu 2022: kashi 1.5 cikin ɗari kan kuɗin da aka tura ta waya, bayan sidi 100 na farko a kowace rana. A Janairun 2023 aka rage shi zuwa kashi 1, sannan Shugaba John Mahama ya sa hannu kan soke shi a Afrilun 2025.

Ɗan kasuwar Krofrom da ke tura sidi 1,000 ga mai kaya a Bawku ya biya harajin sidi 13.5, daga baya sidi 9, yanzu kuwa babu. Manhaja na lissafa wannan kan cinikin wata guda nan take, ta nuna ko turawa ta fi riƙe tsabar kuɗi sauƙi.

Sai dai abin da aka rubuta kaɗai take gani. Bashin da aka ƙulla da baki a zango ba ya shiga lissafinta.