2.3 Shirin SAP na 1986 da Muhawarar Karya Darajar Naira

Wannan fasali zai yi tsokaci a kan asalin muhawarar da aka daɗe ana tafkawa game da darajar naira da tallafin man fetur.

Tun daga shekarar 1981 farashin ɗanyen mai ya fara faɗuwa a kasuwannin duniya, sai kuɗin shigar Nijeriya suka ja baya, bashi kuma ya yi mata katutu. Wannan ne ya sa gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a 1982. Da aka nemi rance daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, sai ya gindaya sharuɗɗa, daga ciki akwai karya darajar naira, da janye tallafin mai, da sakin mara ga harkar shigo da kaya. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ƙi amincewa da su.

Bayan Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki a watan Agusta na 1985, sai ya miƙa maganar ga jama'a. Akasarin ma'aikata da ɗalibai da malaman jami'a suka ce ba su yarda ba, don haka a watan Disamba gwamnati ta sanar da cewa ta fasa karɓar rancen. Sai dai an gudu ne ba a tsira ba, domin a tsakiyar 1986 aka ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, wanda ya ƙunshi kusan dukkan waɗancan sharuɗɗa. A watan Satumba aka fara gwanjon kuɗin ƙasashen waje, dala ɗaya ta kai kimanin naira 4. Haka kuma an rushe hukumomin sayen amfanin gona irin su na gyaɗa da auduga.

Masu goyon bayan shirin sun kafa hujja da cewa manoman koko sun sami farashi mai tsoka. Su kuwa masu suka sun nuna cewa masaƙun Kaduna da Kano sun shiga mawuyacin hali saboda tsadar kayan gyara, albashi kuma ya daina kai ma'aikaci ƙarshen wata. Wannan ƙunci shi ya haifar da tarzomar 1989.

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa matakan da Shugaba Bola Tinubu ya ɗauka a 2023, na janye tallafin mai da barin kasuwa ta yanke wa naira farashi, ba baƙin abu ba ne. Tambayar da ta raba kan masana a 1986 ita ce ta sake tasowa: wa zai ɗauki nauyin gyaran kafin amfaninsa ya iso ga talaka?